Yadda Na Kawo Firigo Agadas

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya tsaya bakin rumfata sayen nama sai ya ce, "Ilo, wai da gaske wuta ce ke kawo sanyin nan?" Wani ya ce ya ji ƴan duwan, masu binciken kaya a iyaka, sun tsare ni kwana bakwai. Wani ya ce an gaya masa a ka na ɗauko abin tun daga Damagaram. Na gaji da gyara labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na ce bari in faɗe shi sau ɗaya tun daga tushe.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Shekara biyu ke nan ina kai nama wani sansanin masu haƙar kuza a cikin duwatsun Ayar, tafiyar yini guda a kamiyo, wato babbar motar kaya. Lokacin sanyi ba a samun matsala. Amma da bazara ta shigo, sai in yanka da asuba, in naɗe naman cikin jiƙaƙƙen buhu, kafin mu isa ya fara canza kala. Kukun sansanin, wani Bazabarme mai suna Hamani, sau biyu yana rufa mini asiri, yana cika yaji da tafarnuwa. Na uku Nasaran da ke shugabantar wurin ya shigo madafa da kansa, ya toshe hanci, ya ce in aka sake haka zai koma naman gwangwani. Rabin abincin gidana daga sansanin nan yake fitowa.

A makon nan ne na kai hanta gidan lokotoro, likitan garinmu, kukunsa ya buɗe wani farin akwati mai ƙofa, ya ciro cinyar ragon da na sayar masa kwana huɗu da suka wuce. Na gane ta, don ni na datse ta. Na taɓa, na ji sanyi kamar tulun da ya kwana a waje cikin hunturu. Na shinshina, babu komai. Ya ce sunan akwatin firigo, kananzir yake sha kamar fitila, kuma ta Kano aka shigo da shi. Ban yi shawara da kowa ba. Na sayar da raƙumana uku, na nemi takardar wucewa, na hau kamiyo.

Kamiyon na wani shofer ne ana ce masa Saini, ya yi lodin fatu da dabino, mu kuma muka hau bisa kayan. Duk wanda bai taɓa zama kan ɗanyar fata cikin rana kwana uku ba, kada ya ce mini ya san tafiya. Ni da wari sana'ata ce, amma sai da na ja rawani har ido. Kafin Adarbisnat mun kafe cikin rairayi sau huɗu, kowane karo sai kowa ya sauko a tura. Akwai wani malami a cikinmu da ba ya saukowa, wai shi yana tura mu da addu'a. A karo na huɗu Saini ya kashe mota ya ce, "Malam, addu'ar ta fi karɓuwa daga ƙasa." Ya sauko, ya tura, kuma ya fi mu duka ƙarfi.

A Damagaram na sauka gidan wani mahauci abokin mahaifina. Suka cika ni da tuwo da alkaki, suka yi ta yi mini dariya da na faɗi abin da zan sayo. Mai gidan ya ce, "Ɗana, Allah ya ba mu kilishi, me za ka yi da akwatin Nasara?" Na ce Baba, Nasaran ne ba ya cin kilishi.

Daga nan na shiga wata mota zuwa Kano ta Matamaye. Muna ƙetare iyaka sai na ga shofer ya bar hannunsa ya koma hagu, ga wata mota tana tahowa. Na yi salati da ƙarfi, na dafe wanda ke kusa da ni. Mutumin ya ɓamɓare hannuna ya ce, "Haba Buzu, nan ƙasar Ingilishi ce, ta hagu ake bi." Daga ranar har na bar ƙasar sunana Buzu. Na yi ta cewa ni Ba'agadashe ne, Hausa na tashi da ita, amma in dai suka ga rawani ya rufe baki, magana ta ƙare.

A Kano akwai unguwa guda da ake kira Agadasawa. Na je da murna ina zaton zan tarar da dangi. Mai masaukina, Alhaji Ɗanladi, dattijo ne mai kirki, ya ce kakan kakansa daga garinmu ya zo, amma shi bai taɓa wuce Daura ba. Ya tambaye ni ko gaskiya ne a Agadas da gishiri ake gina ɗaki. Ya ba ni soro mai kyau, matansa suka yi ta aiko da abinci: tuwon dawa da miyar kuka, gurasa, da fura mai yaji har tana sa tari. Na ce masa mu a gida da dabino da cuku muke dama fura. Ya ce, "To, Allah ya sa wa kowa albarka a nasa." Shayinsu kuma abin tausayi ne. Moɗa guda ake cika maka, ruwa-ruwa, da madara, ka shanye ka tashi. Da na fito da butata na dafa musu namu, kofi uku a jere, Alhaji ya sha na farko ya ce wannan ai magani ne.

Maganarsu ma sai da na koya. Abin da muke ce wa biro su ofis suke cewa, shofer direba ne, duwan kuma kwastan. Na yi yini biyu ina tambayar inda ake sayar da firigo, ba wanda ya gane, har wani ya kai ni wurin masu sayar da barguna. Sai da na kwatanta wa Alhaji da hannu, ya ce, "Au, firji kake nufi!"

Kafin mu je kantin da ake sayar da shi na roƙi Alhaji ya kai ni mahauta. Abin da ake yankawa a can da safe ɗaya ya isa Agadas wata guda. Amma na lura ba su iya fiɗa a hankali ba, sauri suke, suna huda fata. Na karɓi wuƙa wurin wani na feɗe masa akuya guda, fatar ta fita ba ko ƙwarzane. Suka taru suna kallo, aka ba Buzu tsire kyauta.

Kantin na wani Kwara ne, cikin Larabawan ƴan kasuwa, amma wanda ya san kan abin shi ne makanikensa, wani Bayarabe mai suna Lasisi, gajere, mai Hausa kamar jakin Kano. Akwai manya masu tsayin mutum, akwai ƙanana. Na ce wanda mutum huɗu za su iya ɗagawa nake so, don yawo zai yi. Lasisi ya dube ni ya ce bai taɓa jin wanda ke yawo da firji ba, amma ya zaunar da ni yini guda yana koya mini. Ya nuna mini tankin kananzir a ƙasa, da lagwani, da bututun da zafi ke hawa. Ya ce wutar ta zama shuɗiya, in ta yi ja to a datse lagwani. Ya ɗora tasa cike da ruwa a bisansa ya ce in ruwan ya karkata, firjin ma ya karkata, kuma ba zai yi sanyi ba.

"Sannan abu na ƙarshe, maigida," in ji shi. "Ko me za a yi, kada a kwantar da shi. A tsaye aka haife shi, a tsaye zai mutu."

Na ce, "To yaya wuta ke kawo sanyi?"

Ya ce, "Wannan ka tambayi wanda ya ƙera. Ni dai na san yana yi."

Na sa kafinta ya yi masa akwatin katako da mariƙi huɗu, muka cusa auduga ta kowane gefe, na rubuta wa kaina alama a saman da gawayi. Alhaji ya raka ni tasha, ya ce in gaida masa kakanninsa.

Wajen Ingilishi ba su tsaya bincike ba. A rumfar duwan ta wajenmu ne aka yi ta. Mun isa da hantsi. Babban wurin wani ɗan Dahomai ne mai tabarau, ana ce masa Mushe. Ya sa aka sauke akwatin, aka buɗe, ya zagaya shi sau biyu, ya buɗe wani ƙaton littafi yana ta juya shafi.

"Wannan murhu ne," in ji shi. "Ga wurin wuta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ya dafa komai."

"To kabad ne. Ga ƙofa."

Wani gardi, mai tsaron rumfar, da ke tsaye ya ce shi a ganinsa injin yin giya ne, don ya taɓa ganin mai irin wannan bututu. In aka rubuta haka, ƙwacewa za a yi, ni ma a tafi da ni. Mushe ya ce ya san firigo sarai, ya gani a birni, amma na lantarki, kuma ba zai sa hannu kan abin da bai tabbatar ba. In firigo ne, ya yi ƙanƙara ya gani.

Fasinjoji suka hau ni da faɗa, shofer ya ce zai tafi ya bar ni. Na roƙe su, na saya wa kowa fura wurin wata mata da ke talla a gindin tsamiya. Muka kai firigon inuwa, na yi ta cusa tsakuwa a ƙarƙashi har ruwan tasa ya daidaita, na kunna, na zuba ruwa a ɗan farantinsa na ƙanƙara, na rufe. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Kowa ya zo sai ya ce a buɗe a gani, ni kuwa na jingina da ƙofar na ƙi tashi. Rana ta yi ja sannan na ce bismilla na buɗe. Ruwan ya daskare, ko da yake tsakiyarsa da saura. Mushe ya ɓalli ɗan guntu ya sa a baki, ya lumshe ido. Gardin nan ya ɗauki nasa, ya yar da sauri ya ce ya ƙone shi. Mai fura ta roƙi guntu ta jefa a ƙwaryarta. Mushe ya buga hatimi, ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya ce in na sake wucewa in tsaya.

Na shiga Damagaram ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi, kuma a nan na yi sakaci. An ce kamiyon Agadas ba zai yi lodi ba sai bayan azahar, sai na bar akwatin a tasha na tafi wanzami ya yi mini aski. Da na dawo na tarar an gama lodi. Na duba sama ban ga akwatina ba. Masu lodi suka ce yana ciki, sun kwantar da shi a ƙasa don ya fi zama, sun jera buhunan gero a kansa. Na yi ihu, na yi rantsuwa, na ce a sauke. Shofer, wanda ba Saini ba ne wannan karon, ya ce ba mai sauke buhu sittin saboda akwati ɗaya, in ina so in bi wata motar bayan mako biyu. Na hau. Tun daga nan har Tanut ina zaune a kan gero, ina jin kowane rami a ƙirjina.

A Tanut ƙarfen ƙafar kamiyon ya karye, aka ce sai an kawo wani daga Damagaram. Dole aka sauke kaya. Na tayar da firigona tsaye, na duba, ko ƙwarzane babu. Raina ya ɗan kwanta. Mutanen gari suka taru, ni kuma bakina bai yi shiru ba, na ba su labarin iyaka har da ƙari. Na sayi cinyar akuya na sa a ciki, na kunna, na ce kowa ya dawo gobe da safe ya sha ƙanƙara.

Da safe suka dawo har da waɗanda ban gayyata ba. Na buɗe. Ɗumi ya bugi fuskata, bayansa wari. Ruwan faranti kamar an ɗebo daga tukunya. Wutar kuwa tana ci shuɗiya, tasa daidai. Wani ya ce, "Ashe murhu ne." Aka fashe da dariya, aka watse. Na zauna a ƙasa na tuna raƙumana, na tuna babu Lasisi sai bayan kwana da kwanaki, kuma ban san da wane ido zan shiga Agadas ba.

Mutum ɗaya ne bai tafi ba, wani tsoho mai tsohuwar rigar soja da jar hula, yana dogara sanda. Ya ce sunansa Sarjan Manzo, ya yi yaƙin Turawa, kuma shekara shida yana yi wa wani kaftin kuku.

"An kwantar da shi, ko?" ya tambaye ni.

Na ce, "Tun daga Damagaram, Baba."

"To ruwan cikinsa ne ya bi hanyar da ba tasa ba. Kashe wutar, cire tankin, ka kifa shi, kai ƙasa ƙafa sama."

Na ce, "Baba, wanda ya sayar mini cewa ya yi ko kwantar da shi kada a yi."

"Ai an riga an yi. Namu na kaftin a bayan alfadari ya faɗo, haka muka yi masa. Kana da wata dabarar?"

Ba ni da ita. Muka samu mutum huɗu muka juya shi a hankali. Yana kifuwa sai muka ji cikinsa yana ƙugi kamar cikin raƙumin da ya sha ruwa. Sarjan ya kara kunne ya ce, "Yauwa, ga shi yana komawa gida." Ya ce a bar shi haka yini da kwana, a tayar da shi ya huta wani yinin, sannan a kunna. Kwana biyun nan a gidansa na yi su. Matarsa ta yi mana tuwon gero da miyar yakuwa, shi kuma ya yi ta ba ni labarin ƙasar da ƙanƙara ke saukowa daga sama ta rufe hanya, har yatsun ƙafarsa biyu suka tafi. Ya cire takalmi ya nuna mini. Ya ce shi da ƙanƙara ba sa ga maciji, don Allah kawai yake taimakona.

Wannan karon ban gayyaci kowa ba. Na kunna da safe, muka zauna ni da shi muna shan shayi. Bayan la'asar na sa hannu ciki, na ji sanyi ya kama yatsuna. Washegari farantin ya daskare har tsakiya, ya yi tauri kamar dutse. Sarjan ya juye shi cikin akushi, ya ɗauka da kansa, ya bi kasuwar Tanut rumfa rumfa yana ɗingishi yana cewa, "Ina mai cewa murhu ne? Ya zo ya ɗumama hannu."

Da aka gyara mota, ni na tsaya kan lodi. Aka ɗaure shi tsaye a bayan kan mota, na zauna na rungume shi har Agadas.

A gida ma sai da aka gwada ni. Sarkin fawa ya ce ba zai bari a sayar wa Musulmi naman da ya kwana uku ba, sai ya gani da idonsa. Ranar Alhamis ya yanka rago da hannunsa, ya yi wa cinyar alama da wuƙa, muka sa a ciki, ya ɗaure ƙofar da igiya ya yi ƙullin da shi kaɗai ya san shi. Ranar Lahadi mahauta duka suka hallara. Ya kwance, ya ciro, ya danna da yatsa, ya kai hanci ya daɗe. Ya yanki tsoka ya gasa, ya tauna a hankali. Sannan ya juyo ya ce, "Ilo, gobe in na rage kaya, akwai wuri a ciki?"

Tafiyar sansani kuwa ga yadda nake yi. In kunna shi tun jajibiri ya yi sanyi sosai, in cika shi da nama, da safe in kashe wutar, mu lulluɓe akwatin da barguna, mu ɗaure shi tsaye. Muna isa in daidaita shi in sake kunnawa. Ranar farko Hamani ya ciro naman ya riƙe da hannu biyu ya tafi da shi har biro. Nasaran ya fito, ya duba naman, ya duba akwatin, ya tambayi wanda ya ba ni wannan dabara. Na ce ba kowa. Ya ce daga yau har kaji da man shanu ni zan riƙa kawowa.

Da za mu dawo, na ga bai kamata ya koma wofi ba. A wani kwari muka tsaya shan ruwa, na tarar da mai lambu yana tsinkar ɓaure nunanne, irin wanda ba ya kai yamma in an cire shi, shi ya sa ba a taɓa ganinsa ɗanye a kasuwarmu ba. Na cika firigo da shi. Mahaifiyata ƴar cikin duwatsun nan ce, aure ya kawo ta Agadas tun tana yarinya, kuma yanzu ƙafa ba ta kai ta ko'ina. Na zuba mata ɓauren a faifai na ajiye gabanta. Ta ɗauki ɗaya, ta ji sanyinsa, ta ɓare, ta ci. 

"Wannan na kwarinmu ne," in ji ta. "Lambun wa?"

Na ce, "Wani ne Agali, mai tabo a goshi, lambunsa na gindin dutse."

"Ɗan Musa ne. Ubansa ya nemi aurena, na ƙi shi saboda ubanka." Ta sake ɗaukar wani, ta goge ido da gefen mayafi. "Da na tuna da ɓauren nan a lokacin, da sai na ƙara tunani. Matso mini da faifan."